Buhun gawayi a jikin bango: wannan ma fasaha ce?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani katafaren gini an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, aka ce aikin wani mai fasaha ne ɗan Ghana, wai yana ƙalubalantar mulkin mallaka. Ina ruwan buhu da Turawa?

Amsa: Ɗan'uwa, aikin Ibrahim Mahama ka gani, haifaffen Tamale da ke arewacin Ghana a 1987, wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Duniya ta san shi ne a 2015, lokacin da ya rufe dogayen bangaye da buhuna a babban baje kolin fasaha na Venice a Italiya.

Ka bi sawun buhun, za ka ga amsarka. A Indiya da Bangladesh ake saƙa shi, a kawo Ghana a zuba koko. Idan ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun 'yan kasuwa, ya ɗauki masara, ya ɗauki shinkafa, daga ƙarshe ya ƙare a gawayi. Duk wanda ya riƙe shi ya bar alama: tambari, sunan mai kaya, faci, gumin ɗan dako. Kokon ya tafi Turai ya zama cakulan mai tsada, buhun da masu ɗaukarsa suka tsaya a nan. Tsarin da Turawan Ingila suka kafa ke nan, kuma bai mutu ba. Layin dogon da suka shimfiɗa daga Sekondi ya isa Kumasi a 1903 don kwasar zinariya da amfanin gona zuwa teku, bai taɓa kaiwa arewa ba. Arewa leburori kawai aka nema a wurinta. Mahama yana karɓar tsofaffin buhunan ya ba da sababbi, a ɗinke su da hannu, ya rataya su inda masu kuɗi ba za su iya kau da kai ba.

A 2024 ya yi abin da ya fi taɓa ni. Ya lulluɓe ginin Barbican a Landan da ƙyalle mai faɗin murabba'in mita kusan 2,000, wanda ɗaruruwan masu sana'ar hannu suka haɗa a filin wasa na Tamale, aka ɗinka tsofaffin rigunan batakari, wato rigunan saƙi na arewacin Ghana, a jikinsa. Duk wanda ya zauna zango a Ghana ya san batakari, ya san rigar da uba ke bar wa ɗa, da zufarsa a wuyanta. Saƙar da aka daɗe ana kira sana'ar ƙauye ita ce ta rufe siminti a tsakiyar birnin da ya mulki ƙasar.

Akwai masu cewa ai Turawan ne dai ke saye, kuma gaskiya ne. Sai dai a duba inda kuɗin ya koma. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale, ya bi ta da wata cibiyar mai suna Red Clay, inda ya kai tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ta mota, yaran makaranta suna shiga ciki suna ɗaukar darasi.