Amsa: Ɗora Windows 7 a kan sabuwar laftof

Malam, ka ce ka sayo sabuwar laftof a Banex, kana son ɗora mata Windows 7 saboda tsohuwar manhajar lissafin shagonku, amma da ka fara sai linzami da filasha suka daina aiki.

Lafiyar injin ƙalau. Faifan Windows 7 bai zo da direban USB 3.0 ba (direba ita ce 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane wani sashen na'ura), sai an cusa shi cikin filashar da za a ɗora Windows ɗin da ita tun kafin a fara. Idan ma'ajiyar laftof ɗin NVMe ce (sabon nau'in ma'ajiya mai sauri), ita ma Windows 7 ba zai gan ta ba sai da gyaran Microsoft mai lamba KB2990941. A BIOS kuma (saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi) ka kashe Secure Boot, ka kunna CSM, saitin da ke barin tsofaffin Windows su tashi, in akwai shi, don sababbin laftof da yawa sun cire.

Sauran direbobin: buɗe Device Manager, danna sau biyu a kan wanda ke da alama mai ruwan ɗorawa, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. VEN_8086 Intel ne, VEN_10EC Realtek. Da lambar za ka nemi direban, a shafin kamfanin kawai. Fara sauke direban intanet a wata kwamfutar, in ba haka ba ka maƙale.

Amma duba furosesa tukuna. Daga Intel ƙarni na 7 zuwa sama Microsoft bai goyi bayan Windows 7 ba, direban hoto ma wahala. Sabuntawar tsaro kuwa ta tsaya tun Janairun 2020. Ni dai da kai ne, in bar Windows ɗin da ta zo da shi, in sa 7 cikin VirtualBox (manhajar da ke gudanar da wani Windows a cikin wanda kake da shi), manhajar lissafin ta yi aikinta a can.