Tambaya da Amsa: Jiya kun yi masa ihu, yau kuna kukan ya tafi

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗan Katsina ne amma a Los Angeles nake zaune ina tuƙin mota, kuma gaskiya ni ba besbol nake kallo ba ƙwallon ƙafa na sani, dole ce ta sa nake jin labarin don rediyon mota da fasinjoji ba su da wata hira sai ta Dodgers, ƙungiyar besbol ta garin. Abin da ya ɗaure min kai wani ɗan wasansu ne Kenley Jansen, lokacin da na zo garin a 2021 zaginsa kawai nake ji, wai ya tsufa wai a sallame shi, wani fasinja har ce min ya yi in ya ga an kira shi kashe talabijin yake. To da ya koma Atlanta sai na ji mutanen nan dai sun koma jimami, wasu na cewa kulob ne ya wulaƙanta shi wasu na cewa shi ne ya ci amana, har yau in aka tuno sai an yi musu. Kuma an ce min ko minti goma sha biyar ba ya yi a fili. Wai meye aikinsa ne, kuma me ya sa suke haka?

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya ya ba da kasuwa. Bari mu fara da aikin nasa don in ba ka gane shi ba halin magoya bayan ba zai taɓa yi maka ma'ana ba.

Besbol zagaye tara ne, a kowane zagaye kowace ƙungiya tana samun damar dukan ƙwallo har sai an fitar mata da mutum uku. Mai jifan da ya fara wasa yakan yi zagaye biyar ko shida, jifa wajen ɗari, daga nan hannu ya gaji sai koci ya cire shi, kuma a wasan nan in an cire ka ka fita kenan babu dawowa. Masu karɓarsa suna can zaune a wani keɓaɓɓen waje a bayan fili da suke kira bulfen, su ne riliba, kuma a cikinsu akwai guda ɗaya da ake ajiyewa sai zagaye na tara, shi ma sai in ƙungiyarsa ce ke gaba da ɗan ƙaramin rata. Shi ne kuloza, mai rufe wasa. In ya shigo ana gaba da maki uku ko ƙasa da haka ya fitar da mutum ukun nan ba a rama ba sai a rubuta masa ya ceci wasa, lissafin da aka fara yi a hukumance tun 1969. Jansen ya yi wa Dodgers wannan sau 350, babu wanda ya zo ko kusa da shi a tarihin kulob ɗin, wanda ya riƙe kambun kafin shi Eric Gagné 161 gare shi.

Yanzu ka duba irin rashin adalcin da ke cikin aikin. Mutum ya zauna awa biyu da rabi yana kallo, ƙungiyarsa na gaba, a ransa ya riga ya sa nasarar a aljihu har ya fara tunanin yadda zai fita daga fakin kafin go-silo. Sai a kira Jansen. In ya yi aikinsa babu abin da ya ƙara wa mutumin nan, abin da yake ganin nasa ne dama aka bar masa. In kuwa aka doke jifarsa aka rama to shi ne ya zaro abin daga aljihun mutane. Kamar maigadin kasuwa ne, ya kwana ɗari ba a yi sata ba babu mai ce masa sannu, ran da aka fasa shago ɗaya sunansa ne a bakin kowa har da waɗanda ba su taɓa sanin akwai maigadi a wajen ba.

Kuma ka zo garin a daidai lokacin da abin ya fi zafi. A watan Yulin 2021 sau uku a jere ya ɓarar da wasa, biyu daga ciki a hannun San Francisco Giants, manyan abokan gabarsu, a gida, kuma a shekarar da suke neman kan teburi tare, ranar da yake fita daga fili mutanensa ne da kansu suka yi masa ihu. Amma haushin ya girmi wannan. A World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, a 2017 da Houston, wasa na biyu, Marwin González ya doke jifarsa waje a zagaye na tara aka yi kunnen doki kuma daga baya Dodgers suka sha kashi. A 2018 da Boston sau biyu a jere aka rama a hannunsa. A 2020 da suka ɗauki kofi karon farko tun 1988, shi ne dai a kan tudun jifa lokacin da Tampa Bay ta ƙwace wasa na huɗu 8 da 7, kuma ranar da aka ɗaga kofin ba shi aka ba ƙwallo ya rufe ba, Julio Urías aka ba. To mai goyon baya waɗannan darare yake tunawa. Ɗaruruwan dararen da ya shigo ya yi jifa goma sha biyu kowa ya tafi gida lafiya, waɗannan sun bi ruwa.

Abin da fasinjanka bai faɗa maka ba shi ne a wannan shekarar ta 2021 da ake cewa ya ƙare, wasa 38 ya ceta.

Jimamin kuma ni ban ɗauke shi munafunci ba duka. Yaron nan yana ɗan shekara 17 Dodgers suka ɗauko shi daga tsibirin Curaçao a 2004, kuma ba a matsayin mai jifa ba, mai tare ƙwallo ne a bayan mai duka, sai aka ga dukansa ba ya tafiya ko'ina amma hannunsa kamar bindiga, a 2009 aka ce gwada jifa, shekara ɗaya bayan nan yana babbar ƙungiya. Sau biyu ana yi masa aiki a zuciya saboda bugunta ba ya tafiya daidai, 2012 da 2018, ya dawo ya ci gaba. Akwai yaran da tun suna firamare har suka gama sakandare ba su san wani mai rufe wasa ba sai shi. Irin wannan mutum ya zama ɗan gida, kai za ka zage shi son ranka amma ran da ka gan shi da rigar wasu sai ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya dame mu da maganar wani Jansen a guruf ɗin gida, wai ya bar kulob ɗinsa ya koma wajen waɗanda suka fitar da su. Ni ɗan Arsenal ne a Kaduna kuma har gobe ban yafe wa Van Persie ba, to wannan ba irinta ba ce? Ai cin amana sunanta cin amana ko a wane wasa.

AMSA: Allah ya huci zuciyarka ɗan Arsenal, 2012 ta yi nisa amma na san ciwon bai warke ba. Sai dai ba iri ɗaya ba ne. Van Persie yana da sauran kwantiragi, shi ya fito ya ce ba zai sabunta ba aka sayar da shi ga Manchester United. Jansen kwantiraginsa na shekara biyar, dala miliyan 80, ya ƙare ƙaf bayan kakar 2021, ba shi da uban gida, kowa na iya tayawa. Kuma shekarar ta zo da matsala, masu kulob-kulob sun rufe ƙofa saboda rikici da ƙungiyar 'yan wasa daga farkon Disamba har 10 ga Maris 2022, kwana 99 ba ciniki, da aka buɗe kuma kowa gudu yake don kaka ta ƙarato. Kwanaki kaɗan bayan an buɗe Dodgers suka zuba dala miliyan 162 suka ɗauko Freddie Freeman daga Atlanta, albashin kulob ya haura inda ake cin tara, abin da 'yan jarida suka ruwaito shi ne sun so Jansen ya jira su rage kaya tukuna. Mutum mai shekara 34, ana saura sati uku a fara wasa, ga Atlanta ta ajiye dala miliyan 16 na shekara ɗaya a gabansa, kai da za ka jira?

Gaskiya ne Atlanta Braves ce ta fitar da Dodgers a 2021 ta je ta ɗauki kofi, wannan ya ƙara wa abin yaji. Amma shi tun yana yaro Braves yake so, kamar yawancin yaran Curaçao na lokacin saboda ɗan tsibirinsu Andruw Jones a can ya yi suna, kuma yayansa ma ya yi wasa a ƙananan ƙungiyoyin Braves ɗin.

In kana son misali daga ƙwallon ƙafa to De Gea ne ya fi kusa. Shekara 12 a United, ƙarshe-ƙarshe duk kuskuren da ya yi sai a ce a kore shi, ya tafi a 2023 a kakar da shi ya fi kowane gola a Firimiya yawan wasannin da ba a zura masa ba, wata biyu ba a yi ba gidajen kallo suka cika da masu cewa ina ma De Gea. Gola da kuloza kusan aiki ɗaya suke, kuskurensu ne kawai ake nunawa a maimaici.

Ni ra'ayina, wanda ya tsaya a kujerarsa ya yi wa mutum ihu a Yuli ba shi da bakin kiransa maci amana a Maris. Ka ce ba ka son shi, ya ji, ya tafi, to meye kuma. Waɗanda nake tausaya wa su ne waɗanda ba su taɓa yi masa ihun ba, kuma suna da yawa, sai dai a intanet muryar masu zagi ce ke fin ƙarfi. Da ya dawo filin Dodgers da rigar Atlanta a watan Afrilun 2022 an karrama shi kafin wasa mutane suka miƙe suna tafi, washegari da ya fito daga bulfen ɗin baƙi zai rufe wasa sai aka ji tafi da ihu a haɗe, ya rufe kuwa 3 da 1, kuma mutumin ƙarshe da ya fitar Freeman ne.

TAMBAYA: Yallaɓai a taƙaice, wa ya yi asara tsakanin kulob ɗin da shi? Daga wata 'yar'uwarku ma'aikaciyar jinya a Atlanta.

AMSA: Hajiya na ga alamar kin san amsar tsokana kawai kike yi. A shekarar dai kam ku kuka ci riba. Dodgers sun je sun ɗauko Craig Kimbrel daga Chicago White Sox ana saura kwanaki a fara kaka, abin dariyar ma shi ne Kimbrel ɗin shi ke riƙe da tarihin ceton wasa na Atlanta, wato kowa ya ɗauki gwarzon ɗan'uwansa. Jansen ya ceci wasa 41, babu wanda ya kai shi a rukuninsu na National League. Kimbrel kuwa kafin Satumba ta ƙare an karɓe zagaye na tara daga hannunsa, da aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale ko sunansa ba a sa a jerin 'yan wasa ba. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan, kuma a lokacin ne masu kashe talabijin suka fara tuno Jansen da alheri.

Amma kar ki yi saurin guɗa. Dodgers ba tare da shi ba wasa 111 suka ci cikin 162, fiye da kowa a shekarar, wannan ke ba masu lissafi hujja in suna cewa kuɗin da ake zubawa kan mutum ɗaya don zagaye ɗaya ya yi yawa, kowane riliba mai kyau zai iya. Ni rabi na yarda da su, don na sha ganin mai jifan da ke cin zagaye na bakwai kamar tuwo, a ba shi na tara ƙafarsa ta hau rawa. Da San Diego ta fitar da Dodgers a Oktoba masu kukan Jansen sun ce kun gani ko, sai dai ranar ana gaba 3 da nema aka zuba musu biyar a zagaye na bakwai, ko yana nan lokacin yana zaune a bulfen da rigar sanyi bai ko fara motsa hannu ba. Ku ma a Atlanta da shi ɗin a hannunku Philadelphia ta yi waje da ku a zagaye ɗaya da su, a rana ɗaya ma. Shekara ɗaya ya yi muku ya wuce Boston kan dala miliyan 32 na shekara biyu, kuma da ya cika ceto na 400 a watan Mayun 2023 a filinku ya yi shi, a kanku.