Kyautar Nobel da maganin zazzaɓin da ke kan kantarka

TAMBAYA: Hajiya, ina da ɗan shagon kemis a Agege. Duk watan Oktoba sai na ji a rediyo an ba wasu kyautar Nobel ta fannin likitanci. Wai ni me wannan kyauta ta taɓa tsinana wa talaka irin masu zuwa shagona? Daga Sani mai kemis, Agege.

AMSA: Malam Sani, juya ka dubi kantarka. Kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da ka fi sayarwa, irin su Coartem, daga aikin wata 'yar China ya fito, Tu Youyou, wadda ta sami Nobel a 2015.

Gwamnatin China ta buɗe wani shirin sirri a 1967 domin neman sabon magani, saboda kulorakwin ya fara gazawa. Tu Youyou da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya har suka tsaya a kan wani ganye ɗan uwan tazargade. Sai dai in an dafa shi ƙarfinsa ya gudu. Ta koma wani rubutu na ƙarni na huɗu, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, ba a ambaci tafasawa ba. Nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma kafin a ba marasa lafiya sai da ta fara sha da kanta. Wannan wurin yana taɓa ni ƙwarai. Matar nan ba ta da digirin dakta, kuma ta jira sama da shekara 40 kafin Nobel ta waiwaye ta, alhali maganin ya daɗe yana ceton yara.

A 2015 ɗin ce kuma Nobel ta karrama William Campbell da Satoshi Omura kan ivermectin, wato Mectizan da ake rabawa kyauta a ƙauyukanmu tun ana fama da makantar bakin kogi.

Mu ma muna da tamu. Kamfanin gas na NLNG yana ba da kyautar kimiyya ta Najeriya tun 2004, kuɗinta a 2023 dala 100,000. A 2023 Farfesa Hippolite Amadi ya ci ta da na'urorin taimaka wa jarirai numfashi masu aiki da hasken rana. Na yi aikin dare a ɗakin bakwaini a nan Legas, na ga yadda uwa ke zuba wa fitila ido in wuta ta fara rawa. Don haka ni wannan kyautar ta fi kusa da zuciyata.

Amma ga roƙona gare ka. In mai zazzaɓi ya zo, a fara gwajin jini na ɗan tsinke kafin ka miƙa magani. Ka gaya masa sau shida ake sha cikin kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma kada ya tsaya don jiki ya yi sanyi. Masu yanke shan magani a rana ta biyu suna koya wa ƙwayar cutar jurewa, kuma an riga an ga alamun hakan a Ruwanda da Yuganda. Wanda ya ce maka zai jiƙa tazargade ya sha a madadin ƙwayar maganin, ka hana shi: ba a san yawan sinadarin da ke cikin kofin ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da haka ba. Yaro mai suma ko jijjiga kuwa, kada ka riƙe shi a shago ko na minti ɗaya, a wuce da shi asibiti.