Yaya filin tseren motoci na Eldora ya faro, kuma me ya sa har yau ba a shimfiɗa masa kwalta ba?

Malam, ka tambayi asalin Eldora da dalilin barinsa a turɓaya. Ai ba rashin kuɗi ba ne, ƙasar ita ce jarin.

Filin yana kusa da Rossburg, wani ɗan ƙauye a jihar Ohio ta Amurka. Earl Baltes, mai ƙungiyar makaɗa da gidan rawa a wurin, shi ya buɗe shi a 1954. Da farko zagayensa rubu'in mil ne kacal, zuwa 1958 ya kai rabin mil. A 1971 ya ƙirƙiro gasar World 100, a 1984 kuma Kings Royal, inda ake naɗa wa zakara kambi, a yafa masa alkyabba. Tony Stewart, direba a NASCAR, babbar ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka, ya saye filin a 2004, kuma a 2013 NASCAR ta kawo tseren motocinta na a-kori-kura can, karo na farko da wata babbar gasarta ta yi tsere a kan turɓaya tun 1970.

To, batun kwalta. Yumɓu ne ake kafcewa, tankar ruwa ta jiƙa shi, a daddale. Da yamma yana da danshi, taya na kama shi sosai. Can dare ya yi, sai ya bushe, ya yi sulɓi da baƙi, kowane direba ya shiga laluben inda sauran damshi yake, wani ta gefen ciki na zagayen, wani dab da katangar waje. A kwana kuwa motar a karkace take shiga, bayanta na zamewa, ɓurɓushin laka na feshe 'yan kallon layin gaba, shi ya sa za ka ga da yawansu da tabarau. A ganina, ranar da aka zuba kwalta a Eldora, rabin 'yan kallon nan ba za su sake sayen tikiti ba.