Tsohon tari da kumburin yatsu: me ya haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta yi jinyar tarin tibi shekara tara da suka wuce, ta warke, amma tari da kaki ba su rabu da ita ba, har aka ce hanyoyin iskar huhunta sun lalace. Yanzu kuma yatsun hannuwanta biyu suna kumbura, suna sandarewa da safe, kuma an rubuta mata gwajin jini mai suna anti-CCP. Me ya haɗa huhu da gaɓoɓi? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya. Abin da likitanta yake zargi shi ne amosanin gaɓoɓi na rumatoyid, wanda ya bambanta da ciwon gwiwa na tsufa, domin a nan garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa gaɓoɓin mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne suke fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Huhun da ya daɗe cikin kumburi, ko saboda hayaƙin taba, ko ƙurar dutse, ko ƙwayoyin cuta da suka samu mazauni a lalatattun hanyoyin iska, yakan sauya siffar wasu furotin na jiki. A jikin wanda ya gaji wasu ƙwayoyin halitta, garkuwa takan ɗauki furotin ɗin da ya sauya a matsayin baƙo, ta ƙera masa makaman kariya, su kuma su bi jini har su isa gaɓoɓi. Waɗannan makamai ne gwajin anti-CCP yake nema. Sukan riga ciwon bayyana da daɗewa: wani bincike da aka wallafa a 2004 kan jinin masu ba da gudummawar jini a ƙasar Holan ya same su a kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda cutar ta kama daga baya, shekaru kafin su ji ciwon farko. Tun a 1953 ma likita Anthony Caplan ya lura da haɗuwar wannan amosani da tabon huhu a masu haƙar kwal na yankin Wales, abin da ya sa nake damuwa da matasanmu masu fasa dutse ba tare da rufe hanci ba.

Sai dai a karanta sakamakon da natsuwa. Tarin tibi da lalacewar hanyoyin iska suna iya sa gwajin ya nuna alama a jikin wanda gaɓoɓinsa lafiya lau suke, shi ya sa likita zai haɗa shi da duba yatsun da kuma jin tsawon lokacin da sandarewar safe take ɗauka, musamman idan ta kai awa guda.

Ina roƙonki kada ki bari a sayo mata firedinisolon a kemis tana sha ba da umarnin likita ba, domin yana kwantar da kumburi amma yana raunana garkuwa, kuma yana iya farfaɗo da tibi. Ki kai ta wurin ƙwararren likitan gaɓoɓi cikin makonnin nan, tun gaɓoɓin ba su karkace ba, ki riƙe tsofaffin hotunan ƙirjinta da katin jinyar tibi, saboda zai buƙaci ganinsu kafin ya ɗora ta a kan magani irin su metotirekset.