Tambaya da Amsa: Wai da gaske sunan Schweinsteiger na nufin "mai hawan alade"?

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina tun Bastian Schweinsteiger yana Manchester United, har yau ta ƙi mutuwa. Shi ya ce ya saka sunan a manhajar fassara ta ba shi "mai hawan alade", wai kakannin mutumin sukuwa suke yi a kan aladu. Ni kuwa na ce ba yadda za a yi mutum ya yarda a riƙa kiran zuriyarsa da haka. Don Allah a raba mana gardama: mene ne asalin sunan? Kuma me ya sa ban taɓa jin wani mai irinsa ba, alhali Müller kam sun cika ko'ina? Daga wani mai goyon bayan Bayern Munich.

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai. Kai da abokinka kowa ya ci rabi ya faɗi rabi. Akwai alade a cikin sunan, wannan ba makawa, sai ka haƙura. Amma babu wanda ya hau shi. Manhajar ce ta datsa kalmar a inda ba gaɓa ba.

Bari mu fara da furuci, don masu sharhin ƙwallo sun sha wahala da shi. A Jamusanci "sch" shi ne "sh" ɗinmu, "ei" kuma "ai" ake faɗa, sannan "st" a farkon gaɓa yakan koma "sht". Idan ka ce Shwain-shtaiga, Bajamushe zai gane wanda kake nufi.

Manhajar ta raba sunan gida biyu, Schwein da Steiger, wato alade da mai hawa. Masu nazarin sunaye ba haka suke raba shi ba. Su a wurinsu Schweinsteig ne da ɗan ƙarin "er" a ƙarshe. Schweinsteig kuwa sunan wuri ne. Akwai ƙananan wurare masu wannan suna a gundumar Rosenheim da ke kudu maso gabashin Munich, a gindin duwatsun Alps, ɗaya a yankin Brannenburg, ɗaya a yankin Oberaudorf, dab da iyakar Ostiriya. Ba garuruwa ba ne, 'yan gidajen gona ne a jikin tudu. Shi kuma "er" aikinsa ɗaya da "ba" da muke sawa a gaban sunan gari don mu nuna ɗan can: mutumin Hamburg shi ne Hamburger, mutumin Berlin shi ne Berliner, mutumin Schweinsteig shi ne Schweinsteiger. Ka ga sunan adireshi ne, ba ya faɗin halin mai shi ko sana'arsa. Kusan abin da muka sani ne a sunan Shehu Shagari ko Abubakar Tafawa Balewa, inda garin mutum ya manne wa sunansa, sai dai su Jamusawa gadonsa suke yi, jika da tattaɓa-kunne su ci gaba da amsa shi ko da ba su taɓa taka ƙauyen ba.

To me ya sa aka kira wurin Schweinsteig? Nan akwai fassara biyu, kowace da hujjarta. A tsohon Jamusanci akwai kalmar da ke nufin siririyar hanya mai hawa tudu, wadda har yau ake cewa Steig. Akwai kuma wata mai kama da ita da ke nufin garke ko shingen ƙananan dabbobi. Saboda haka ko dai "turbar aladu" ko "garken aladu". Ni na fi karkata ga ta biyu, domin gidan gona ya fi saurin samun suna daga abin da aka gina a cikinsa. Amma ta farkon ma ba ta da laifi: a Turai ta tsakiyar zamani, idan kaka ta yi, manoma kan kora aladunsu cikin daji su ci 'ya'yan itatuwa su yi ƙiba kafin sanyi, kuma hanyar da garke ke bi shekara da shekaru ba ta rasa suna.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sunan bai yi nisa da gida ba. An haifi Bastian ranar 1 ga Agusta, 1984 a Kolbermoor, maƙwabciyar Rosenheim, ya kuma tashi a Oberaudorf, wato a yankin da ɗaya daga cikin waɗannan gidajen gona yake. Can ya fara buga ƙwallo, can ya yi tseren kan ƙanƙara yana yaro, kafin ya shiga makarantar matasa ta Bayern a 1998. Ɗaruruwan shekaru bayan an raɗa sunan, mai shi na nan inda aka bar shi. Daga nan ne ya buga wa Jamus wasa 121, ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2013, ya ɗauki kofin duniya a 2014 a filin Maracana jini na zuba a ƙarƙashin idonsa. Ɗan'uwansa Tobias ma tsohon ɗan ƙwallo ne, don haka ga mai irin sunan na biyu ka ji yau.

Ka ce mutum ba zai yarda a kira zuriyarsa da haka ba. Ai ba a tambayi kowa ba. Sunan iyali a Jamus ya fara bayyana ne tun wajen ƙarni na 12 a manyan birane irin su Cologne, ya bazu zuwa karkara a hankali cikin ƙarnukan da suka biyo. Dalilin mai sauƙi ne: mutane sun yi yawa, sunayen yanka kaɗan ne. Idan ƙauye na da Hans bakwai, dole mai karɓar haraji da limamin coci su san wane Hans ne ya biya, wane ne ya yi aure. Maƙwabta ne ke laƙaba wa mutum abin da za a bambanta shi da shi, magatakarda ya rubuta, shi ke nan ya zauna. A kudancin Jamus kuma akwai al'adar cewa gidan gona na da sunansa na kansa, duk wanda ya gaje shi ko ya auri 'yar gidan ya tare a ciki, da sunan gidan za a kira shi. Bayan babban taron cocin Katolika na Trent, wanda aka kammala a 1563, an wajabta wa limamai rubuta baftisma da aure a littafi. A 1677 Ferdinand Maria, mai mulkin Bavariya, yankin da Munich da Rosenheim suke ciki, ya hana mutane sauya suna yadda suka ga dama. Daga 1876 rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun hukuma a duk faɗin ƙasar. Ƙofa ta rufu a kan kowa da abin da ya shigo da shi.

Sannan kada mu auna alade da mudunmu a nan. Gaskiya ne idan ka ce wa Bajamushe "Schwein" ka zage shi. Amma idan ya tsallake rijiya da baya sai ya ce ya "samu alade", ma'ana ya yi sa'a, kuma a sabuwar shekara sukan ba juna alewa mai siffar ɗan alade don fatan alheri. Aladen daji kuwa, Eber, tsofaffinsu na ganinsa alamar jarumta ce. Daga nan sunan Eberhard ya fito, wanda gajeren sa shi ne Ebert, sunan shugaban Jamus na farko bayan faɗuwar sarauta, Friedrich Ebert, da ya hau mulki a 1919.

Yanzu ga gaɓar da na fi so a tambayarka, batun Müller. Masana sun kasa sunayen iyalin Jamusawa gida biyar: wanda ya fito daga sunan uba, wanda ya fito daga garin asali, wanda ya fito daga inda gidan mutum yake, wanda ya fito daga sana'a, da wanda ya fito daga laƙabin siffa ko hali. Duba goman da suka fi yawa: Müller mai injin niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Meyer wakilin mai gona, Wagner mai ƙera keken doki, Becker mai gasa burodi, Schulz mai gari, Hoffmann mai kula da gandu. Duk goman sana'a ce ko muƙami. Kowane ƙauye na buƙatar mai niƙa, saboda haka sunan Müller ya tsiro a dubban wurare lokaci guda, a kan mutanen da ba su haɗa ko da kaka ɗaya ba. Shi ya sa ake ƙiyasta masu amsa shi da kusan 700,000, shi ya sa kuma Gerd Müller da Thomas Müller duk 'yan Bavariya ne, duk sun ci wa Bayern ƙwallaye ba adadi, amma ba dangin juna ba ne.

Schweinsteiger kuwa tushensa gida ɗaya ne ko biyu a jikin dutse. Ba ya da wata hanyar yaɗuwa sai ta haihuwa. A ɗaruruwa ake ƙirga masu shi, ba a dubbai ba, kuma idan aka zana su a taswira sai ka ga sun dunƙule a kudancin Bavariya, kewayen Rosenheim, sauran ƙasar kuwa ɗai-ɗai. Wannan ce ta sa sunan da ba kasafai ake ji ba ya fi amfani ga mai neman asalinsa. Wanda ake kira Müller sunansa ba zai kai shi ko'ina ba. Wanda ake kira Schweinsteiger sunansa na iya kai shi har ƙofar gida.

Ta yaya ake sanin yawan? Da littafin lambobin waya. Masu bincike a jami'o'in Freiburg da Mainz, ƙarƙashin Konrad Kunze da Damaris Nübling, sun ɗauki jerin layukan wayar gida na shekarar 2005, kimanin miliyan 28, suka zana taswirar sunayen ƙasar da shi. Sun tarar da sunaye daban-daban wajen 850,000, kuma da yawansu layi ɗaya ko biyu kacal ke ɗauke da su. Cibiyar kimiyya da adabi ta Mainz na gina ƙamus a intanet na sunayen da suka kai aƙalla layi goma, wajen 200,000. Idan ana son ƙiyasin mutane, sai a ninka yawan layukan kusan sau uku. Sun yi dabara da suka tsaya a 2005, domin bayan nan wayar hannu ta kashe littafin waya, matasa ba sa shiga cikinsa. Don haka duk shafin da ya ba ka adadi cif-cif na masu wani suna a yau, ka karɓa da hannu ɗaya.

TAMBAYA: Malam, idan mutum a Jamus ya gaji suna mai jawo masa dariya, yana da ikon canza shi? Daga wata ɗaliba mai koyon Jamusanci.

AMSA: Malama, yana da iko, amma ba cikin sauƙi ba. Dokar da ke aiki tun 1938 take, kuma ta ce sai da "dalili mai ƙarfi". Mutum zai rubuta wa hukumar yankinsa, ta duba, ta yarda ko ta ƙi, kuma kuɗin aikin na iya kaiwa wajen Euro 1,000. Ƙa'idojin da jami'ai ke bi sun amince da suna mai muni, ko mai ban dariya, ko wanda ke jawo shaƙiyanci, ko wanda rubuta shi ke wahalar da mutane fiye da kima. Wani abin dariya shi ne ƙa'idojin sun ambaci Müller da Schmidt da Meyer da Schulz da sunansu, a matsayin sunayen da yawansu kan sa a rikita mutum da wani, wanda hakan ma dalili ne. Ka ga mai sunan kowa-da-kowa shi ma yana da tasa damuwar.

Dokar na da baƙin tarihi da bai kamata a tsallake ba. A ƙarƙashinta ne gwamnatin Nazi ta fitar da umarni a watan Agustan 1938 da ya tilasta wa Yahudawa maza ƙara Israel a sunansu, mata kuma Sara. An soke wannan umarni bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an bar gangar jikin dokar da gyare-gyare.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce aure. Da can mace ce ke ɗaukar sunan miji dole, shi ya sa gidan da ya haifi 'ya'ya mata zalla sunansa kan ɓace, kuma sunaye marasa yawa su ne suka fi shan wannan. Daga 1976 ma'aurata na iya zaɓar sunan matar, daga 1994 kowa na iya riƙe nasa, daga watan Mayun 2025 kuma suna iya haɗa biyun su zama sunan gida guda har ga 'ya'yansu. Shi Bastian bai canza komai ba. Abin da ya kai kotu a kansa ma laƙabinsa ne, Schweini, lokacin da wani ɗan kasuwar nama ya so ya sayar da tsiran alade da sunan, kotu a Munich ta hana shi.

TAMBAYA: Beckenbauer da Schwarzenegger fa, su ma irin wannan ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗaya e, ɗaya a'a. Schwarzenegger ginin su ɗaya da Schweinsteiger: sunan wuri, Schwarzenegg, wato baƙin tudu ko baƙar kusurwa, sai "er" a ƙarshe. Arnold Schwarzenegger, jarumin fina-finai, ɗan Ostiriya ne, daga ƙauyen Thal kusa da Graz, kuma irin wannan gini ya cika Ostiriya da Bavariya. Beckenbauer kuwa sana'a biyu ce aka ɗinke: Beck shi ne mai gasa burodi a bakin mutanen kudu, Bauer kuma manomi. Wato manomin da ke gasa burodi, don a bambanta shi da sauran manoman ƙauyen. Sunan Klose kuma daga sunan uba ne, gajeren Nikolaus a bakin mutanen Silesiya, yankin da yawancinsa ke cikin Poland a yau, inda aka haifi tsohon ɗan ƙwallon Jamus Miroslav Klose a garin Opole a 1978.