Shin magidanci zai iya zaɓar kamfanin wutar lantarkinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. Shin magidanci yana da ikon zaɓar kamfanin da zai sayar masa da wuta, kamar yadda muke sauya layin waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A halin yanzu gidaje ba su da wannan zaɓi. Lokacin da aka sayar da sassan PHCN, magajiyar NEPA, a watan Nuwamba na 2013, ƙasar nan tana rabe ne tsakanin kamfanonin rarraba wuta 11, kowanne da yankinsa, kuma Kano da Jigawa da Katsina suna hannun KEDCO. Turaku da wayoyi da taransifomar da ke bakin kasuwarku duk na layi ɗaya ne, kuma kafa wani layin kusa da shi yana da tsadar da babu mai ɗauka. Ƙa'idar 2017 ta hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a ƙasar nan, ta ba da damar sayen wuta kai tsaye daga masu samar da ita, amma ga manyan masu amfani da wuta irin su masana'antu.

A ganina, ƙaramar tashar sola ce ƙofar da ta fi buɗewa ga karkara, musamman da Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ku haɗa kai da dagaci da masu walda ku rubuta wa hukumar lantarkin karkara, wato REA. Sai dai kafin ku sa hannu da kowane kamfani, ku tambayi kuɗin yunit, domin yakan fi na babban layi tsada, sannan ku tabbatar ƙarfin tashar zai iya tayar da injin niƙa.